Abin da Ladan Ya Ɓoye Cikin Huffi

Abubuwa da yawa na zamanin aikina sun kwanta mini, amma akwai wata Litinin ta tsakiyar damina da mantuwa ta kasa ɗauke mini har yau. Duk sa'ad da ƙananan ma'aikata suka tambaye ni dalilin da ya sa nake matsa musu su sa tsoho ya cire takalmi kafin su rubuta masa magani, labarin ranar nan nake ba su.

Lokacin muna jihar Sakkwato, ba a yanke Kebbi ba tukuna. Sunana Sahabi, kuma a wancan zamani ni ƙaramin ma'aikaci ne a sashen kula da masu ciwon kuturta. Mazaunina Argungu. Kowace rana da inda nake zuwa a kan babur ɗin aiki: Litinin ina Argungu, Laraba ina Birnin Kebbi, sauran ranakun ina ƙauyukan bakin fadama. Sama da ni akwai sufeto a Sakkwato, shi nake aika wa rahoto duk ƙarshen wata.

Aikina kashi biyu ne. Na farko raba ƙwayar magani da cika kati. Na biyu, wanda ya fi cin lokaci, duba ƙafa. Wanda bai san ciwon ba yakan ɗauka kuturta ce ke cinye yatsu da kanta. Ba haka ba ne. Jijiya take kashewa, ƙafa ta daina jin zafi, mutum ya taka ƙaya ko garwashi bai sani ba, miki ya buɗe, ya yi ta tafiya a kansa har ya ɓaci. Saboda haka aka koya mana jiƙa ƙafa a ruwa, da kankare kaushi, da yanke farce, da shafa mai, da gwada ko fata na ji ko ba ta ji. A lokacin ban san wani ma'aikacin lafiya a yankinmu da ke durƙusawa ya riƙe ƙafar mutum ba in ba irinmu ba. Kuma ba wanda ke ganin aikin da daraja.

A Birnin Kebbi ba ni da ɗaki. Rumfar zana ce a bayan wani ƙaramin ɗakin shan magani, nesa da layin jama'a. Shugaban wurin wani dattijo ne, Malam Haliru, mutumin kirki amma mai son kowa ya tsaya a kan nasa. Wata Laraba mai wanke ciwo bai zo aiki ba, layi ya yi tsawo, sai Malam Haliru ya aiko in wanke hannu in shigo in taimaka.

A nan aka shigo da wani tsoho, zai haura shekara saba'in, dogo, siriri, da rawani fari. Zan kira shi Malam Bawa, ko da yake ba sunansa ba ne, don na yi masa alkawari. Ladan ne a wani masallaci a unguwar Nasarawa, nan cikin Birnin Kebbi. Ɗansa Atiku, mai sayar da albasa, shi ya kawo shi. Goshinsa ya fashe, wuyan hannunsa ya kumbura. Atiku ya ce daga matakalar kiran salla ya faɗo da asuba, kuma wannan ne karo na uku tun faɗuwar ruwa. An auna jininsa a baya, an ba shi maganin jiri, an ce ya rage azumin nafila. Duk da haka faɗuwa ba ta daina ba. Mutanen unguwa har sun fara cewa a nemi wani ya karɓi kiran.

Na wanke goshin na ɗaure. Da ya tashi zai fita sai na bi tafiyarsa da ido, don wannan ya riga ya zama mini ɗabi'a. Yana ɗaga ƙafa sama fiye da kima, ya dire ta gaba ɗaya, idonsa na ƙasa kamar mai neman allura. Huffi ne a ƙafarsa, wato safar fata da malamai ke sawa su yi shafa a kai wajen alwala, sannan ya zura ta cikin takalmin fata mara maɗauri. A bakin ƙofa takalmin hagu ya sulluɓe. Tsohon nan ya yi taku uku a kan tsakuwa bai sani ba, sai da Atiku ya ɗauko ya ajiye masa a gaba.

Na san wannan tafiyar, kullum ita nake gani.

Na bi su na ce, cikin ladabi, ko Baba zai dawo ya zauna in duba ƙafarsa. Ya tsaya ya dube ni daga sama har ƙasa.

"Goshi yah hwashe, yaro. Mi kaka nema ga ƙahwa?"

Na ce faɗuwar tsoho sau da yawa daga ƙasa take farawa, ba daga kai ba. Ya ce shi ba ya fitar da huffinsa gaban mutane. Ana cikin haka wata mata a layi ta raɗa wa Atiku ko ni wane ne. Na ga fuskarsa ta sauya. Ya ce da Malam Haliru, da ƙarfi yadda kowa zai ji, su gidansu ba su gaji wannan ciwo ba, kuma bai kawo mahaifinsa don mai wankin ƙafar kutare ya taɓa shi ba. Malam Haliru ya ba shi haƙuri, ni kuma ya ce in koma rumfata.

Amma shi tsohon bai ce komai ba. Abin da ya tsaya mini ke nan. Ɗan ya yi fushi, uban kuwa tsoro na gani a idonsa. Da Atiku ya je neman abin hawa, na raɓa kusa da shi kamar mai wucewa, na ce a hankali, "Baba, duk Litinin ina Argungu, bayan asibiti, gindin wata tsamiya. Can ba wanda ya san ka." Bai ko waiwayo ba.

Bayan an tashi Malam Haliru ya kira ni. Ya ce ya san nufina alheri ne, amma wanda ba ya cikin rajistata ba nawa ba ne, kuma irin wannan gidan in aka ɓata musu rai, ƙara sai ta kai Sakkwato. Na ce to.

Na ce to da baki, amma zuciyata ba ta ce ba. Ranar Alhamis ina wani ƙauye ina cika kati, na rubuta sunan mutum guda sau biyu. Ranar Juma'a ina masallaci, ladan ya ɗaga murya, ni kuwa matakala nake gani, jiƙaƙƙiya da ruwan sama, da ƙafar da ba ta jin inda ta sauka. Mai ɗakina ta ajiye mini tuwon shinkafa da miyar kifi, na tashi na bar rabi. Ta tambaye ni ko wani abu ya faru a wurin aiki, na ce babu. In na zauna sai in ji kamar in tashi, in na tashi ban san inda zan nufa ba. Na riƙa lissafa wa kaina abin da zai iya kasancewa cikin huffin nan. In kuturta ce, kowane mako da ya wuce ba magani hasara ce. In ba ita ba ce, to akwai wani abu da ke kashe ƙafar, kuma ba wanda ya duba. Ko ma mene ne, tsoho in ya karya ƙugu ba kasafai yake tashi daga tabarma ba. Na ga irinsu da yawa.

Ranar Lahadi da la'asar na je tasha sayen man babur, sai na ji wani direba da ya zo daga Birnin Kebbi yana ba da labarin wani ladan a Nasarawa da ya sake zamewa ranar Juma'a, Allah ya sa wani ya tare shi. Ban tambayi suna ba, ba na bukata.

Washegari Litinin, ranar aikina ce a Argungu. Marasa lafiyata sukan fara taruwa da hantsi, wasu daga ƙetaren gulbi cikin jirgin ruwa. Na yi wa kaina lissafi cewa in na fita bayan sallar asuba, zan isa Birnin Kebbi, in samu tsohon shi kaɗai a ƙofar masallaci, in roƙe shi, in dawo kafin rana ta yi zafi. Ban nemi izinin kowa ba. Ban ma gaya wa shugaban asibitin Argungu, wanda rumfata ta can ke bayansa, ba, don na san abin da zai ce.

Lissafin bai yi ba. Ban yi rabin hanya ba ruwa ya sauko, na fake a wata bukkar masu gadin shinkafa, ina kallon sama ina kallon agogo. Da ya tsagaita na hau, tayar baya ta yi faci, na tura babur har ƙauye na gaba. Ban shiga Nasarawa ba sai da rana ta take sosai. Na tambayi masallacin aka nuna mini. Na ga matakalar da idona: hawa bakwai na siminti a jikin bango, ba abin dafawa, gefenta ya yi gansakuka. Na yi sallama a gidan, Atiku ya fito. Ya gane ni, ya haɗe rai, ya ce mahaifinsa ba ya nan, tun bayan asuba ya hau mota zuwa Argungu wajen wata ta'aziyya, kuma ya hana kowa ya raka shi.

Ban tsaya ko shan ruwa ba. Na juya babur.

Azahar ta wuce lokacin da na iso. Daga nesa na hango mutanena a gindin tsamiya, sun fi ashirin, wasu sun kwanta, wasu sun jingina, kowa da katinsa a hannu. Can gefe, nesa da su kamar taku talatin, a jikin katanga inda ba inuwa sosai, ga Malam Bawa zaune a kan buzunsa, ya rufe rabin fuska da rawani. Tun safe yake nan. Mun yi saɓani a hanya, yana cikin mota ina cikin bukka.

A nan na yi kuskure na biyu. Ƙa'ida ita ce wanda ya riga zuwa shi ake fara gani. Amma tsoron kada tsohon ya sake shawara ya tashi ya tafi ya rufe mini ido. Na ɗaga wa mutanena hannu na ce su ƙara haƙuri kaɗan, na kama shi na shigar da shi rumfar zana, na saki tabarmar ƙofa.

Ya zauna. Sannan ya ce, "Kahin in hidda su, ka yi man alkawali. Abin da kag gani, tsakaninka da Allah." Na yi masa.

Huffin dama ya fita da ƙyar. Na hagu ya manne, sai da na jiƙa shi da ruwan ɗumi na tsaga ɗinkin da almakashi. Ya ce rabon wani ya ga ƙafar nan tun kafin azumin bara. Ranar Juma'a kaɗai yake cirewa, a ɗaki, ƙofa rufe, kuma idonsa ba ya gani sosai, bayansa ba ya lanƙwasuwa ya kai hannu.

Farcen ya yi kauri ya murɗe kamar ƙahon rago, na babban yatsa ya karkata ya huda na kusa da shi. Diddige duk faso. Tafin ƙafar ya yi kanta mai tauri, ta sa ba ya iya dire ta daidai. Da na kankare kantar ƙafar hagu a hankali, sai ga rami a ƙarƙashinta, zurfinsa zai ɗauki ƙwayar gyaɗa, yana fitar da ruwa. Na ɗauko takalminsa na shafa ciki, na ji kan ƙusa ya ɓullo daidai wurin. Ta huda huffin ta huda shi, Allah kaɗai ya san tun yaushe.

Na ce ya rufe ido. Na riƙa taɓa tafin da bakin alƙalami ina cewa ya nuna inda na taɓa. Daga yatsu har idon sawu bai ji komai ba, duka biyun. Ya buɗe ido ya ce in faɗa masa kawai, ya riga ya sani.

Na ce bai sani ba tukuna, ni ma haka. Na sa ya tuɓe riga. Na duba bayansa da ƙirjinsa da damatsansa a hasken ƙofa, ina neman tabon nan mai haske da ba ya jin taɓi. Babu. Na lalubi jijiyar gwiwar hannu, da ta bayan gwiwa, da ta wuya, ko sun yi kauri. Lafiya lau. Girarsa cike, kunnuwansa ba kumburi, hannuwansa na ji. Sai na tambaye shi ƙishirwa da fitsari. Ya ce buta ba ta rabuwa da shi, kuma yawan sake alwala na cikin abin da ya sa ya riƙe huffi tun farko. Na karɓi fitsarinsa a kwalba na zagaya wurin mai awon asibiti, na ce na wani baƙo ne. A lokacin ana zuba shi ne cikin wani ruwa shuɗi a ɗora a kan wuta. Muna tsaye ya juye ya koma ja kamar jan bulo.

Na dawo na durƙusa gabansa na ce, "Baba, ban ga alamar kuturta ko ɗaya a jikinka ba. Ciwon suga ne ya kashe maka ƙafa. Likita zai tabbatar, amma ni dai abin da na gani ke nan."

Ya ce in sake faɗa. Na sake. Ya ce shekara guda ke nan ya raba kwanonsa da na kowa, ya ce da iyalinsa wai wani wuridi yake yi. Ya daina ɗaukar jikokinsa. In an miƙo masa hannu a masallaci sai ya naɗe nasa cikin riga. Kullum in ya hau matakala yana roƙon Allah in zai tona masa asiri, gara ya ɗauki ransa a kan kiran salla. Ya ɗaga hannu ya yi ta hamdala, muryar ladan kuwa ba ta san ƙasa-ƙasa ba. Ya ce Allah ya tsare shi da mugun ciwo, Allah ya raba shi da wulaƙanci. Ni ma daɗi ya kwashe ni, gajiyar kwana biyar ta sauka, na yi dariya na ce, "Kwantar da hankalinka, Baba, kai ba ka cikinsu."

Na jiƙa ƙafafun, na rage farcen kaɗan-kaɗan, na wanke ramin na ɗaure, na kai shi inda zai jira likita. Sannan na ɗaga tabarma na fito wurin mutanena.

Zana ba ta tare magana. Ba wanda ya dube ni. Akwai wata tsohuwa a cikinsu, Inna Kulu, daga wani ƙauyen masunta a ƙetaren gulbi. Ta fi kowa daɗewa a rajistata, yatsun ƙafarta uku suka rage, kuma ba ta taɓa fashin Litinin ba. Ita ta miƙo katinta da dungun hannu, ta ce, ba tare da ɗaga murya ba:

"Mun ji an yi murna, Malam Sahabi. Allah shi ƙara mai lahiya. To mu da muke cikinsu, a ba mu namu mu tai."

Na raba magani da sauri. Ƙafar kowa ban duba ba ran nan, don la'asar ta kawo kai, kowa na son ya kama hanya. Daga baya na ji cewa tun da rana Inna Kulu ta ga tsohon yana zaune cikin zafi, ta aika masa da ruwa a ƙwarya, ya kau da kai.

Likita ya tabbatar da suga washegari. Ya ce da an ƙara wata guda, ƙafar hagu sai dai a yanke. Yatsan da farce ya huda bai tsira ba, an cire shi. Malam Bawa ya yarda a gaya wa Atiku maganar suga, amma ba abin da ya yi tsoro ba. Ya zauna gidan wani ɗan'uwansa a Argungu kusan wata biyu, ina zuwa ina wanke masa. Na koya wa matarsa yadda za ta riƙa yi kullum: ta taɓa ruwan da hannunta tukuna don shi ba zai ji in ya yi zafi ba, ta jiƙa, ta goge kaushi da dutse a hankali, ta busar da tsakanin yatsu, ta shafa man kaɗanya a diddige, ta duba tafin da idonta, ta zazzage takalmi kafin ya sa. Farce a yanke shi a miƙe, kada a bi kwana, kuma ba da reza ba. Muna da wani takalmi mai taushin ciki da maɗaurin diddige da ake yi wa marasa lafiyarmu, amma kowa a gari ya san na su wane ne, na san ba zai sa ba. Sai na kai wa wani baduku a kasuwa samfurin, ya yi irinsa da jar fata, ɗinki zalla ba ƙusa.

Maganar matakala ita ta fi wuya. Ya ce shekara arba'in daga sama yake kira. Na ce ƙafar da ba ta ji ba ta dawowa, sai dai a kiyaye ta, kuma fatar huffi a kan jiƙaƙƙen siminti ko saurayi sai ta kayar. Mun yi ta jayayya har sau uku. A ƙarshe Atiku ne ya raba mu. Ya sa aka gina ɗan dandamali mai hawa ɗaya a gindin matakalar, da ƙarfen dafawa. A nan ya ci gaba da kira har shekara shida, bai sake faɗuwa ba, har Allah ya karɓi abinsa a kan shimfiɗarsa. Atiku bai taɓa ba ni haƙuri da baki ba, amma duk kaka sai na ga buhun albasa a ƙofar gidana.

Ni kuwa takardar tuhuma ta zo daga Sakkwato kafin wata ya ƙare. Shugaban asibitin ya kai rahoton cewa na bar wurin aiki ba izini, kuma gaskiya ya faɗa. Na amsa cewa na bi sawun wani da nake zargin yana da ciwon, aka auna ba shi da shi. Sufeto ya zo da kansa. Ya ce ƙa'ida ita ce duk wanda aka yi zargi a rubuta sunansa da unguwarsa a rajistar waɗanda aka gwada, in na rubuta magana ta mutu. Na san hannun da rajistar nan ke bi kafin ta kai Sakkwato, na san kuma sunan da ya shiga cikinta ba ya fita daga bakin mutane ko an ce lafiyarsa lau. Na ce, "Ranka ya daɗe, na yi alkawari." Ya rufe littafinsa. Aka sa mini takardar gargaɗi a fayil, ƙarin girman da nake jira ya wuce ni a wannan karo.

Wannan bai dame ni ba kamar abin da na gani Litinin da ta biyo bayan waccan ranar. Inna Kulu ta zo tana dogara sanda, an riƙe ta. Saboda jinkirin da na jawo, mai jirgin da ya kawo su ya gaji ya tafi. Ta zagaya ta gada, ta bi kan gaɓa da ƙafa, cikin laka da karan shinkafa, ta faɗi sau biyu, gwiwarta ta kumbura, wani kara ya shige mata tafi ba ta sani ba sai da ta isa gida. Mikin da muka yi shekara muna rufewa ya sake buɗewa. Na durƙusa na ɗauki ƙafarta na ce ta yafe mini. Ta ce jinkiri ba komai, kowa da uzurinsa. Maganar ce dai ta yi mata nauyi, don ba ta zaci daga bakina za ta fito ba.

Sai da na yi wata huɗu kafin mikin nan ya rufe. A cikin watannin na lura da abin da ban taɓa lura da shi ba. Shekara da shekaru ina duba ƙafar Inna Kulu don kada ta ruɓe, amma ban taɓa tambayarta ko tana faɗuwa ba. Da na tambaya sai ta ce ai ba a ƙirgawa. Na tambayi sauran tsofaffin rajistata, kowa da nasa labarin: bakin rijiya, bayan gida, gangaren gulbi. Ladan ya faɗi sau huɗu na kasa cin abinci. Waɗannan suna faɗuwa a gabana kullum, ban gan su a matsayin tsofaffi ba, ciwonsu kawai nake gani.

Daga nan na ƙara tambaya guda a aikina, ga kowane tsoho, ko nawa ne ko ba nawa ba: ka faɗi a 'yan kwanakin nan? In ya ce e, ko ya yi shiru, sai in ce mu ga ƙafa, mu ga takalmi. Malam Bawa da ya koma gida ya riƙa turo mini tsofaffin sahun gaba na masallacinsu, masu kaushi da masu farcen da ya gagari almakashi. Da fari sukan tsaya daga nesa. Ban yi musu benci dabam ba, kuma ban sake tsallake layi don rawanin kowa ba. Wasu sun yi fushi sun tafi. Wasu sun zauna. Wata Laraba Malam Haliru da kansa ya zagayo bayan ɗakin magani riƙe da hannun mahaifiyarsa, ya zaunar da ita a ƙarshen layi, ya koma bakin aikinsa.

Abin da nake gaya wa yaranmu na yanzu ke nan. Tsoho ba zai ce muku ƙafarsa ta mutu ba. Wani bai sani ba, wani kunya yake ji, wani kuma yana tsoron sunan da za ku kira ciwon da shi. Zai ce jiri ne, ko santsi, ko tsautsayi, ku kuwa kuna zaune bayan tebur ku rubuta ƙwaya ku sallame shi. Ku tashi ku kalli yadda yake tafiya. Ku sa hannu cikin takalminsa. Ku durƙusa, don wannan aikin ba ya yiwuwa daga tsaye. In kuma Allah ya sa kuna da albishir ga wani, ku yi masa a hankali, ku tuna akwai wanda ke zaune a waje tun safe, yana ji, shi ba a taɓa yi masa irinsa ba.